Tagar Kwana: A Waya Kyau Ne, A Wajen Gini Lissafi Ne

A yau da wuya matashi ya fara tara kuɗin bulo bai riga ya tara hotunan gidan da yake buri a cikin wayarsa ba. Wasu ya kwaso su daga Pinterest, wasu daga Instagram da TikTok, wasu kuma manhajar AI ce ta zana masa su kafin ƙiftawa da bismillah. A cikin waɗannan hotuna akwai abu guda da ke yawan maimaituwa, wato tagar kwana: gilashi ya biyo bango ɗaya, ya karya kwana, ya zarce a ɗaya bangon, ba bulo ba pila a tsakani. Haske ya cika falo, ga kujera a gefe, ga tukunyar fulawa a ƙasa. Sai a tura wa magini hoton ta WhatsApp, a bi shi da saƙon murya cewa irin wannan ake so.

Magini kuwa ba kasafai yake cewa ba zai iya ba. Abin da ke nan shi ne hoto ba ya ɗaukar nauyin rufi, rana ba ta dukansa, ruwan damina ba ya feshinsa. Kwanar gida ita ce inda bango biyu ke riƙe juna, kuma a irin ginin bulo da aka saba yi a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maraɗi, nan ake dasa pila. Wanda ya ce a cire ta a sa gilashi ya taɓa ƙashin bayan ginin, sannan ya buɗe wa rana ƙofa ta fuska biyu. Ana iya yin tagar ta yi kyau ta kuma daɗe, amma maganar a kan takardar zane take yankuwa, kafin a haƙa harsashi. Tun ran gini, tun ran zane.

Daga ina ta fito?

Tagar kwana ba sabon yayi ba ce, ta haura shekara 100. A 1911 aka fara gina masana'antar Fagus a garin Alfeld na ƙasar Jamus, wadda Walter Gropius da Adolf Meyer suka zana, inda suka bar kusurwoyin ginin da gilashi zalla ba ginshiƙi. A lokacin abin al'ajabi ne, domin idon mutane ya saba ganin kusurwa a matsayin wuri mafi kauri a gini. A 1924 Gerrit Rietveld ya yi wani ɗan gida a birnin Utrecht na ƙasar Holan mai tagar da idan aka buɗe murafenta biyu, kwanar ɗakin take ɓacewa gaba ɗaya. Frank Lloyd Wright ma ya yi irinta a gidan Fallingwater da ya zana a 1935 a jihar Pennsylvania ta Amurka.

Duk waɗannan wurare ƙasashen sanyi ne, inda ake roƙon rana ta shigo ɗaki. Utrecht tana kan digiri 52 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa tana kan digiri 12. Ginin gargajiya na ƙasar Hausa akasin haka ya yi: bango mai kauri, taga 'yar ƙarama can sama, sannan a bar haske da iska a tsakar gida. Ba rashin wayewa ya sa magabata yin haka ba, amsa ce suka ba zafin bazara da ƙurar hunturu.

Wa zai ɗauki nauyin kwanar?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita kaɗai ce kuskure a cikinta kan iya kaiwa ga asarar rai. Akwai hanyoyin yin tagar kwana da suka bambanta ƙwarai a kuɗi da haɗari, ko da yake daga nesa suna kama da juna.

Mafi sauƙi ita ce a bar pilar kankare a inda take, a kawo taga biyu su haɗu da ita ta kowane gefe, a shafa mata fenti mai duhu kalar firam ɗin. Daga titi, mutum goma za su wuce ba su lura akwai pila ba. Ga yawancin masu gina gida mai ɗaki uku a fuloti ɗaya, wannan ita ce ta fi dacewa, duk da ba ita ce ke cikin hoton ba. Mataki na gaba shi ne a maye pilar da siririn bututun ƙarfe mai kauri, a yi masa faranti sama da ƙasa a ɗaure shi da kankare, sannan mai alminiyom ya lulluɓe shi. Amma kaurin bututun da girmansa injiniya ne zai faɗa, ba mai walda ba, kuma ba irin bututun da ake yin ƙofar gida da shi ba ne.

Ta ƙarshe ita ce wadda ake gani a Pinterest, kwana ba tokari ko kaɗan. A nan bim ɗin da ke saman taga ne ke miƙo hannu daga pilar da ke baya, ya riƙe kwanar a sama ba abin da ke ƙarƙashinsa. Injiniyoyi na kiran wannan kantiliba. Inda gizo ke saƙa shi ne, kantiliba juyin linta ce. A lintar da aka saba, wadda ke zaune a kan bango hagu da dama, ƙasanta ne ke miƙewa idan nauyi ya hau, shi ya sa ake jera manyan rodi a ƙasa. A kantiliba kuwa samanta ne ke miƙewa, kamar reshen bishiya da yaro ya rataya a ƙarshensa, don haka manyan rodin a sama ya kamata su kasance, kuma dole su zarce baya su wuce pilar da nisa. Maginin da ya shekara ashirin yana ɗaura linta zai iya ɗaura rodin kantiliba a kife cikin kyakkyawar niyya, kuma da zarar an zuba kankare babu mai sake gani. Saboda haka ranar ɗaura rodi ita ce ranar da ya kamata wayar mai gida ta yi aiki: a ɗauki hotuna da bidiyo na kusa, da tef ɗin awo a jiki, a tura wa injiniya, a jira amsarsa kafin a fara kwaɓa siminti. In zai iya zuwa da kansa, ya fi.

Kankare na kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi ne a kwana 28, kuma kantiliba ba ta yafe gaggawar kafinta mai son cire katakonsa ya kai wani aikin. Ko bayan ta bushe, tana ci gaba da sunkuyawa kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Gidan Fallingwater da aka ambata a sama, da duk sunan wanda ya zana shi, barandarsa mai kantiliba ta sunkuya da kusan inci 7, sai da aka yi mata babban gyara da igiyoyin ƙarfe aka kammala a 2002. A tagar kwana ba a buƙatar inci 7 kafin a ga illa. Milimita kaɗan sun isa bim ya danne firam, taga ta ƙi zugewa, ko gilashi ya tsage da tsakar dare ba wanda ya taɓa shi. Shi ya sa ake barin 'yar rata tsakanin saman firam da ƙasan bim a cike ta da abu mai laushi, kuma ba a auna gilashi sai an cire tokari an gama filasta.

Idan gidan bene ne, kuma akwai pila daga hawa na sama da za ta sauka daidai kan wannan kwanar, magana ta girma, ta wuce shawarar mai kula da leburori. A Najeriya hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, ARCON kuma ta masu zanen gini, sannan zanen da aka kai wa hukumar tsara birni, irin su KNUPDA a Kano, ya kamata ya nuna tagar kamar yadda za a gina ta. Mai tsohon gida da ke son fasa pilar kwana don ya yi zamani, ko mai ginin jar ƙasa, gara ya haƙura da nau'in da ba tokari.

Ko a gida marar bene akwai wani abu da ake mantawa. Pilar kwana ba nauyi kawai take ɗauka ba, ita ce ke riƙe rufi idan iskar farkon damina ta zo tana neman yaye kwano, kuma iska ta fi tsotsar gini a kusurwa. In an cire pilar, dole a san inda za a ɗaure katakon rufin.

Rana ba ta san zane ba

Tagar da ke bango ɗaya fuska ɗaya take kallo, ana iya zaɓa mata arewa ko kudu a huta. Tagar kwana dole ta kalli fuska biyu, kuma idan gidan ya daidaita da kusurwoyin duniya huɗu, ɗaya daga cikin fuskokin dole ta zama gabas ko yamma. Nan ne asalin wahalarta a ƙasar zafi.

A Kano da garuruwan da ke layinta, rana na bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. A tsakanin waɗannan lokuta tana ɗan karkata arewa, sauran watannin kuma tana karkata kudu. Ko a Disamba, lokacin da ta fi yin ƙasa, da azahar tana sama da digiri 54. Ma'ana, bangon arewa da na kudu suna da sauƙin karewa: taga mai tsayin mita ɗaya da rabi, 'yar rumfar kankare ta rabin mita a samanta ta isa ta tsare mata ranar azahar a watannin zafi. Yamma ba haka take ba. Da ƙarfe huɗu na yamma a Afrilu rana ta gangaro zuwa wajen digiri 37, don haka rumfar da za ta kare wannan tagar sai ta kai mita biyu. Da ƙarfe biyar kuwa hasken ta ƙarƙashin rumfar yake shigowa har ƙuryar falo, kuma wannan a lokacin da iskar waje ke kan ganiyar zafinta, a watan da ma'aunin zafi kan taɓa digiri 40.

Ga ɗan lissafi don a ga girman abin. A ɗauka gefen yamma na tagar murabba'in mita 4 ne. Ranar la'asar kan sauke wajen wat 600 a kan kowane murabba'in mita na bangon da ke fuskantarta, farin gilashi mai ruɓi ɗaya kuma yana barin kusan kashi 80 cikin 100 su wuce. Wat 1,900 ke nan na zafi ke shiga ɗaki, kwatankwacin a kunna dutsen guga biyu a bar su a tsakiyar falo. AC mai ƙarfin 1HP kuwa duka-duka zafin da take iya kwashewa wajen wat 2,600 ne. Taga ɗaya ta cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta, kafin a zo maganar zafin kwano, bango, talabijin da mutanen da ke zaune.

A kuɗin wuta, kwashe wannan zafin na awa uku kullum na iya cin yunit biyu, wato wajen yunit 60 a wata. Tun da hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, irin wannan lissafi ya daina zama wasa. Mai sola ma bai tsira ba, domin zafin na shigowa ne daidai lokacin da farantan solar suka fara rage abin da suke bayarwa, sannan bango da tayil su riƙe shi har dare, lokacin da batir ne kaɗai ke aiki.

To sai a ce a koma gabas. Ranar safe ta fi sauƙi, gaskiya ne, domin tana samun ɗaki a sanyaye. Amma gabas ma da nata: daga can manyan hadarai ke tasowa da iska mai ƙarfi da feshi, daga arewa maso gabas kuma iskar hunturu ke kawo ƙura daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Duk da haka, in an auna, kwanar arewa maso gabas ko kudu maso gabas ta fi kowace kwana mai yamma a cikinta nesa ba kusa ba. Ƙura da ruwa ana maganinsu da firam mai kyau, zafin yamma kuwa kullum sai an biya shi. Wanda fulotinsa ya tilasta masa yamma yana da 'yan dabaru: ya rage faɗin gefen yamma ya ƙara na arewa, ya sa tsayayyun fukafukai ko bulo mai huda a waje, ya ja baranda a gaban tagar, ko ya dasa darbejiya tun ranar da aka fara harsashi. Abin lura shi ne inuwar waje ta fi labulen ciki amfani, domin labule na tare haske ne bayan zafin ya riga ya tsallake gilashi.

A nan waya tana da rana. Shafin SunCalc kyauta ne, ana ɗora alama a kan fulotin a taswira, a zaɓi kwanan wata da awa, ya nuna ta inda rana za ta fito da inda za ta faɗi. Manhajoji irin su Sun Surveyor da Sun Seeker kuma na zana hanyar rana a kan hoton kyamara kai tsaye, mutum na tsaye a inda kwanar za ta kasance. A duba Afrilu da ƙarfe huɗu, a duba Disamba da safe. Sai dai a matsa nesa da tarin rodi da mota kafin a amince da kamfas ɗin waya, ƙarfe na rikita shi. Kuma kada a ɗauki alƙibla a matsayin gabas na lissafi: a Kano ta karkata arewa da wajen digiri 22.

Gilashin da ke tare zafi na iya tare sabis

Mai sayar da gilashi zai ce a sa mai duhu ko mai madubi a huta da rana. Maganar na da ƙamshin gaskiya amma ba ta cika ba. Gilashi mai duhu na shanye zafin ne a jikinsa, sannan ya sako wani kaso cikin ɗaki. Wanda ya fi aiki shi ne mai siririn shafen ƙarfe a fuskarsa, irin nau'in Low-E na ƙasashen zafi da mai madubi, domin shi mayar da zafin yake yi waje.

Wannan shafen ƙarfen kuwa bai bambance zafin rana da siginar waya ba sosai. Gilashin Low-E na iya rage ƙarfin sabis da desibel 20 zuwa 30, wato ya rage shi ninki 100 zuwa 1,000. A gidan da bangonsa bulo ne, samansa dakin kankare ko kwano, taga ce babbar ƙofar sabis. In aka toshe ta, sai a ga gida sabo fil amma sai an fita tsakar gida kafin a tura kuɗi ta manhajar banki. Abin ya fi shafar 5G, wadda MTN ta fara a Najeriya a 2022 a kan zangon 3.5GHz, domin mafi tsayin zango, mafi wahalar ratsa gini. Masu ajiye rauta a bakin taga su ne za su fara ji a jikinsu.

Gwajin ba wuya. A wayoyin Android, cikin saiti, a sashen bayanin waya ko matsayin SIM, akwai lambar ƙarfin sabis da dBm. Wajen -80 lafiya lau ne, -110 kuwa an kusa faɗawa rami. A je gidan da aka riga aka sa irin gilashin da ake shirin saya, a karanta lambar taga na buɗe, a rufe a jira ɗan lokaci a sake karantawa. Ɗan gutsuren gilashi a shago ba zai nuna komai ba, siginar za ta zagaye shi. Ledar tint da ake mannawa daga baya ma haka take: mai ƙarfe a ciki na taɓa sabis, ta seramik ba ta cika taɓawa ba. In an nace sai Low-E, a bar bututun waya a bango tun ana gini, don a iya sa eriya ko rauta a waje a jawo kebul ciki.

Sai maganar ƙarfi. Gilashin milimita 4 ko 5 da ake sa wa ƙananan tagogi bai dace da faffaɗar tagar kwana ba, balle wadda ta sauko ƙasa inda yara ke guje-guje. Gasasshen gilashi, wanda masu waya suka san sunansa daga gilashin kariyar sikirin, ya fi na yau da kullum ƙarfi ninki huɗu zuwa biyar, kuma in ya fashe rugurgujewa yake yi kamar tsakuwa. Amma ba ya yankuwa bayan an gasa shi. Kuskuren santimita ɗaya a awo na nufin sabon oda da sabon jira. Mai ruɓi biyu da leda a tsakani, irin na gaban mota, shi ko ya fashe yana nan manne, kuma ya fi ba ɓarawo wahala.

Inda ruwa da ƙura ke bi

A tagar da ba tokari, gilashi biyu ne ke haɗa baki a kwana, silikon ne kaɗai tsakaninsu. Wannan siririn layi shi ne zai sha rana, ya sha feshi, ya kuma jure motsin gilashin duk lokacin da iska ta kaɗa. Ba aikin silikon ɗin banɗaki mai warin tsami ba ne, akwai na musamman da aka yi don haɗa gilashin waje. Alminiyom kuma na miƙewa da zafi fiye da gilashi ninki biyu da rabi: sanda mai tsayin mita biyu da rabi na iya ƙara milimita biyu tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin ranar bazara. Firam ɗin da aka ɗaure tamau ba wurin motsi, shi zai fara buɗe baki.

Dakalin ƙasan taga ya gangara waje, a yi masa 'yar tsaga a ƙarƙashi don ruwa ya ɗiga maimakon ya bi bango, kuma kada mai filasta ya toshe ƙananan ramukan firam da ruwa ke fita ta cikinsu. Taga mai zugewa ta fi arha, sai dai rabinta kawai ke buɗewa kuma layinta matattarar ƙura ce. Mai buɗewa kamar ƙofa, da robar gefe mai kyau, ta fi matsewa ta fi kuma kamo iska. Wani abin da hoto ba ya nunawa shi ne yawancin tagogin kwana marasa tokari ba sa buɗewa ko kaɗan a wajen kwanar. Ranar da ba wuta, ɗakin ya zama akwatin gilashi. Ko da suna buɗewa, iska kan shiga ta wannan gefe ta fice ta wancan ba ta zagaya ɗakin ba, don haka ana buƙatar wata tagar a can ɗaya ɓangaren.

Sirri, ɓarayi da na'urori

Gilashi mai madubi na ɓoye na ciki ne muddin waje ya fi ciki haske. Da an yi magariba an kunna fitila, lamarin ya juya: na titi na ganin komai, na ciki na ganin kansa. A unguwar da katanga ke kusa da bene na maƙwabta, tagar kwana a ɗakin kwana ko ɓangaren iyali kan ƙare da labule a sauke dare da rana. An biya kuɗin bim, an biya na gilashi, an koma zaman duhu. Ta fi ma'ana a falon baƙi, a kan matakalar bene, ko a kwanar da ke kallon tsakar gida.

Sannan ga ƙarfen tsaro da ragar sauro, waɗanda babu su a hoton Pinterest amma babu gidan da zai kwana ba su. Ƙarfen da ya zagaye kwana na buƙatar abin kamawa a kwanar, wato tokarin da aka kashe kuɗi aka cire zai dawo ta bayan gida. Wannan kaɗai ya isa mutum ya sake tunani kan barin siririn bututun tun farko. Kuma a bar wani sashe na ƙarfen da ke buɗewa daga ciki, saboda gobara.

Masu son gida mai na'urori su san cewa gilashi na da halinsa. Kyamarar tsaro da aka ajiye a ciki tana kallon waje ta gilashi makancewa take yi da dare, domin fitilarta ta infirared na dawo mata a ido. Na'urar gano motsi mai aiki da zafin jiki ba ta gani ta cikin gilashi sam. Abin da ke aiki a nan shi ne ɗan maganaɗisun da ake mannawa a murfin taga da na'urar jin fashewar gilashi, kyamara kuma a kafa ta a waje. Ledar PDLC, wadda ke komawa fara kamar madara ko ta washe da danna maɓalli, tana da wani hali da ya dace da inda wuta ke yawan ɗaukewa: in ba wuta rufewa take yi. Sai dai maganin ido ce, ba ta tare zafi yadda ake zato. Labule mai mota kuma na buƙatar layi mai lanƙwasa ko mota biyu, da soket a sama kusa da silin. 'Yan na'urorin da ake ratayawa a sandar labule su ja shi, irin SwitchBot, a sayi ɗaya ga kowane gefe ya fi a sa ran guda za ta karya kwana.

Inda tagar kwana ta yi fice ba gardama shi ne haske. Hasken da ke zuwa ta fuska biyu ba ya barin inuwa mai kauri a fuska, don haka mai ɗaukar bidiyon TikTok ko YouTube, ko mai ɗaukar hoton kayan sayarwa, ya samu ɗakin ɗaukar hoto kyauta, musamman ta gefen arewa. Amma hasken nan shi ne ke hana ganin talabijin da kwamfuta, don haka a san bangon da za a rataye su tun a zane. Dakalin taga kuma ba wurin cajin waya ba ne: Apple ma cewa ta yi a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, dakalin da rana ke duka ta gilashi kuwa ya wuce nan. Inbata da batir ɗin litiyom ma a nema musu wata kusurwar.

Kwanar da ta zama gilashi ba ta ɗaukar wadrof, ba ta ɗaukar AC, ba a fasa ta a binne waya. Duk soket, bututun kebul na kyamara da na motar labule sai an kai su wurinsu kafin filasta, kuma kada mai wayarin ya sassaƙe bim ɗin kantiliba don ya wuce da bututu. In dole sai waya ta ratsa ta wurin, injiniya ne zai nuna inda za a bar mata hanya, a saka bututun kafin a zuba kankare.